Horar da Matasa Masu Fafutukar Yanayi: Ilimi a Ka, Juriya a Zuci

[Hoto: Maiduguri daga sama, ruwa ya shafe tituna]

Ranar 10 ga Satumba 2024, mutanen Maiduguri suka farka cikin ruwa. Madatsar Alau ta ɓalle cikin dare. Ruwan ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga asibitin koyarwa, ya mamaye gidan namun daji, har bangon gidan yari ya kayar. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu da kayan jikinsu kawai. Cikin waɗanda suka fara kai ɗauki akwai matasan unguwa. Su suka goya tsofaffi, su suka ɗora tukwane a sansanoni, su suka tara gudummawa ta waya.

Da ruwa ya janye, 'yan jarida suka kama gabansu. To shi saurayin da ya wuni yana tsamo mutane, wa ya zauna da shi ya tambaye shi ko yana samun barci?

Wannan bidiyo a kan horar da irin waɗannan matasa yake. Horon ƙafa biyu gare shi, kuma sau tari ɗaya kawai ake kula da ita.

[Rubutu a allo: Adalcin yanayi]

Ta farko ita ce sanin abin da ke faruwa da wanda ya jawo shi. Idan aka ƙona fetur da gas da kwal, iskar carbon takan taru a sama ta riƙe zafi kamar bargo. Duk ƙarin digiri 1 na zafi yana sa iska ta ɗauki ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100. Shi ya sa sai ka ga ruwan da a da yake sauka a hankali cikin makonni ya juye a dare ɗaya, sannan a yi ta jiran wani har shuka ta fara yaushi.

Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi. Amma a 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya. A 2024 ruwan sama ya rusa tsohon masallacin Damagaram wanda ya tsaya tun ƙarni na 19. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ake nufi da adalcin yanayi ke nan: wanda ya ɓata ya ɗauki nauyin gyara gwargwadon ɓarnarsa.

Mai horo nagari ba ya tsayawa a kan taken da ake rubutawa a kwali. Yakan koya wa matashi bin sawun kuɗi. A 2009, a taron yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya a Kofanhegan, ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin ba ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 kowace shekara kafin 2020, don tunkarar sauyin yanayi. Ba su kai adadin ba sai 2022, kuma kaso mai yawa bashi ne. A irin wannan taro da aka yi a Masar a 2022, wato COP27, aka amince da asusun biyan asara da ɓarnar da sauyin yanayi ke jawowa. Da aka buɗe shi a Dubai shekara guda bayan haka, alkawuran farko ba su wuce kusan dala miliyan 700 ba. Matashin da ya san wannan, in ya ji an ce an ba ƙasarsa tallafi, zai tambaya: kyauta ce ko bashi? Hannun wa ta shiga?

Kuma a faɗi gaskiya, tambayar ba ta tsaya a kan Turawa ba. Madatsar Alau ta taɓa ɓallewa a 1994. Wa ke da alhakin kula da ita cikin shekaru 30 da suka biyo baya? Wa ya sayar da fili a kan hanyar ruwa? Najeriya tana da Dokar Sauyin Yanayi ta 2021, tana da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa takardar neman bayani. Koya wa yarinya 'yar shekara 19 yadda za ta rubuta wannan takarda, ta kai, ta karɓi shaidar an karɓa, ya fi mata hoto goma a bakin taro.

[Hoto: matasa zaune a da'ira a kan tabarma, wayoyi a kife]

Ga ƙafa ta biyu, wadda ni ta fi damuna.

A 2021 mujallar Lancet Planetary Health ta fitar da binciken da aka yi a kan matasa 10,000 'yan shekara 16 zuwa 25 a ƙasashe 10, har da Najeriya. Kashi 59 cikin 100 suka ce sauyin yanayi yana damun su ƙwarai. Kashi 45 suka ce damuwar tana taɓa harkokinsu na yau da kullum. A wasu ƙasashen fargabar gobe ce. A nan kuwa abin ya riga ya faru: gonar baba ce ruwa ya ci, ƙanwa ce kwalara ta ɗauke a sansani.

Irin wannan matashi in ya shiga fafutuka, da wuta yake shiga. Wata shida, shekara guda, sai ka ga ya canza. Barci ya ƙaurace masa. Hadari na haɗuwa gabansa na faɗuwa. Ya riƙa faɗa da abokan tafiya a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Wata rana ya kashe waya, ba a sake ganinsa a taro ba. Sai a ce ya yi sanyi, alhali gajiya ce ta cinye shi.

Ga kuma raini. A Janairun 2020, a Dabos ta ƙasar Suwizalan, kamfanin dillancin labarai na AP ya yanke Vanessa Nakate, 'yar fafutukar yanayi daga Yuganda, daga hoton da ta ɗauka da takwararta Greta Thunberg 'yar Suwidin da wasu Turawa uku. Daga baya sun nemi afuwa, amma duk wanda ya ga bidiyon da ta yi tana hawaye ya san irin wannan ciwo. Matasanmu na gamuwa da ƙanensa kullum: a gida a ce zaman banza suke, a ofis a bar su a benci har a tashi.

Mu kan ce wa mutum ya yi haƙuri, kuma haƙuri abu ne mai girma. Sai dai wani lokacin da wannan kalma muke rufe wa mutum baki kafin ya faɗi abin da ke cinsa. A zaman makoki ba haka muke yi ba. Zama muke yi da mutum kwana da kwanaki, ya yi magana in ya so, ya yi shiru in ya so. Wannan zaman shi horo yake buƙatar ya aro.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar taimakon farko ga zuciya a 2011, mai matakai uku: duba, saurara, haɗa. Ka duba wa ke cikin hali mai tsanani. Ka saurare shi ba tare da ka tilasta masa ba da labari ba, ba kuma tare da ka yanke shi da wa'azi ba. Sannan ka haɗa shi da abin da yake buƙata, ko danginsa, ko malaminsa, ko asibiti. Idan wani ya fara maganar ya gaji da rayuwa, ko ya koma ga ƙwaya don ya samu barci, lamarin ya wuce na aboki. A raka shi wurin likita, kar a ce masa kawai ya je.

[Hoto: gonar gero a Maraɗi, bishiyoyin gawo a tsakiya]

Wani maganin gajiya shi ne aikin da ido ke gani. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututture, suna sassabe shi su bar reshe mai ƙarfi ya zama bishiya. Sassaben zamani suke ce masa. An ƙiyasta bishiyoyi kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Ka kai matasa su tsaya ƙarƙashin gawon da wani dattijo ya raina da addarsa, su ji daga bakinsa shekara nawa ya jira.

Shi ya sa ranar ƙarshe ta horo ba ta rabon takardar shaida ba ce kawai. A raba aiki irin na gayya, kada kaya ya tsaya a kan mutum ɗaya. A ware ranar hutu a mako, a kuma girmama ta. Kowa ya fita da sunan mutum biyu da zai riƙa kira, ko babu taro. Sannan a buɗe hasashen damina na NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, a zaɓi magudanar ruwa ɗaya a unguwa, a je wurin mai unguwa, a sa ranar yashe ta kafin ruwan farko.