An Ɗauke Wuta, To Me Ya Kama Shi a Kan Falwaya?

[Hoto: ma'aikaci yana hawa tsani, unguwa ba wuta]

Duk ranar da aka ce wuta ta kashe ma'aikaci a kan falwaya, tambayar da ake yi a majalisa ɗaya ce: "Ai tun safe aka ɗauke, ta ina ta zo?" Wani har ya fara zancen aljanu. Malam, a bar aljanu su huta.

[Taswira]

Bari mu bi hanyar wutar da gudu. Daga su Shiroro da Kainji da tashoshin gas take tasowa, ta sauka Kumbotso a Kano da ƙarfin bolt (ma'aunin ƙarfin wuta) 330,000. A rage ta zuwa 132,000, ta biyo ta Kankiya ta shigo Katsina. KEDCO, kamfanin raba wuta, ta karɓa a 33,000, ta koma 11,000, taransfomar unguwa ta sauko da ita 230 ɗin da kake cajin waya.

[Taransfoma, a matso kusa]

To nan za mu zauna. Taransfoma ba ta san gaba ba, ba ta san baya ba. Naɗin waya ne iri biyu a jikin ƙarfe ɗaya. Ka ba ta 11,000 ta sama, ta ba ka 230 ta ƙasa. Ka ba ta 230 ta ƙasa fa? Sai ta ɗaga shi dubbai, ta tura sama.

Yanzu ɗauki wani gida a Ƙofar Ƙaura. Canjoba, makunnin da ke raba wutar janareta da ta layi, ta lalace, mai gida ya ce a bari sai albashi. Yaron wayarin ya haɗa janareta kai tsaye, ba a cire fis ɗin mita ba. Aka ja igiya. Wutar ta haska falo, ta bi wayar da ta shigo gida ta fita titi, ta shiga taransfoma, ta hau layin da ma'aikacin ke riƙe. Sola ma haka, in an haɗa inbata, na'urar da ke mai da wutar batir ta gida, da ganganci.

Za ka ce ɗan janaretan nan me zai iya? Gaskiya ne, sau da yawa nauyin maƙwabta kan shaƙe shi ya mutu. Amma kafin ya mutu ɗin fa? Kashi ɗaya cikin goma na amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudana), in ya ratsa ƙirji, ya isa ya birkita bugun zuciya. Tsohon ƙwan nan mai wat 60 yana jan fiye da ninki biyu na haka. Wanda wutar ta girgiza kawai, faɗowa daga saman na jiran sa.

[Safar hannu, sandar gwaji, ƙwado]

Shi ya sa kashe layi ba ya isa. A kashe, a sa ƙwado, a karɓi takardar izini, a gwada da sandar gwaji a ga ko akwai wuta, sannan a ɗaure wayoyin da ƙasa, abin da masu aikin ke kira atin, gaba da bayan inda za a taɓa. In wuta ta dawo ta ko'ina, ƙasa za ta sha. Ni dai wannan matakin na ƙarshe shi nake ganin an fi tsallakewa, don kayan da nauyi, ga rana, ga 'yan unguwa a ƙasa suna "yi sauri mana".

[Hotunan ramin kwal]

Masu haƙar kwal sun san irin wannan haɗarin da ido ba ya gani. Iskar da ke kashe su ba launi ba wari, sai na'ura ke gane ta. A Soma ta Turkiyya, 2014, gobara ta tashi a rami, mutum 301 suka rasu, yawancinsu iskar guba suka shaƙa.

[Dawo kan mitar gida]

Yau da daddare in ka tayar da janareta, leƙa waje. Ka ga ƙwan maƙwabcinka ya kama? Ba sadaka kake yi ba, Alhaji. Kashe shi, ka kira mai gyara.