Dashen masakwa: shiri tun Agusta, ido kan ƙasa

Jama'a, abu uku zan faɗa kan dawar rani, wadda muke kira masakwa, Fulanin Marwa ta Kamaru kuma su ce muskuwari. Na farko shi ne iri.

Ita wannan dawa ba ruwan sama take sha ba. Laimar da baƙar lakar da ake kira karal ta riƙe bayan damina, da ita za ta rayu har a yanke ta wajen Janairu ko Fabrairu. To ranar da ƙasa za ta karɓi dashe, wa ya san ta? Babu. Shi ya sa ba a zuba iri sau ɗaya. Ka zuba kashin farko a Agusta, bayan kamar kwana 10 ka ƙara, sannan ka sake ƙarawa. Iri yakan isa dashe a kwana 30 zuwa 40. Idan ruwa ya janye da wuri, na farko ya fisshe ka. Idan ya daɗe kwance, ga na ƙarshe. Na ga wani yana murmushi, wai asarar iri ce. Mudu nawa ne, Malam? Ka je sayen dashe a Oktoba ka ji kuɗinsa! Ba a fafe gora ranar tafiya. Na sake faɗa, kashi-kashi ake zubawa.

Kuma ƙasar ce za ta ba ka rana. Ka riƙa taka gonar kullum. Ta yi taɓo, ramin zai rufe; ta tsattsage, ka makara. Ka huda da sanda mai tsini, ka zuba ruwa, ka sa dashe biyu da aka datse wa ganye. Tazarar mita ɗaya-ɗaya, rami 10,000 ke nan a hekta, sai ka lissafa 'yan ƙwadago tun yanzu.

Na biyu... ko na uku muke? Tsuntsu dai, jan-baki, ku tanadi masu kora.

Na'am, Alhaji? Yana tambaya, idan ambaliya ta zo irin ta garin Yagwa na Kamaru a 2024, duk irin ya tsufa fa? To, Alhaji, irin da ya yi gaɓa ba ya kamawa da kyau, kada ka ɓata ƙwadago a kansa. Da ka ga ruwa ya ƙi tafiya, zuba sabo a kan tudu, ka fara dashe daga gefen da ya riga tsanewa, kana bin ruwan a baya.