Sharhi: Wanda Ya Nemi Mafaka Ba A Miƙa Shi

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau daga nan Abuja kan wani alkawari ne da Najeriya ta ɗauka: duk wanda ya gudo ya nemi mafaka, ba za a mayar da shi inda ransa ke cikin haɗari ba.

Wannan shi ne ƙashin bayan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira, wadda Najeriya ta shiga a 1967. Yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta 1969 da aka ƙulla a Addis Ababa kuwa ta ƙara da cewa wanda yaƙi ko hargitsi ya koro daga ƙasarsa shi ma ɗan gudun hijira ne, ko da ba shi kaɗai ake farauta ba. A 1989 aka kafa hukumar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasa. Kuma a gaskiya mun yi abin a yaba. Mutanen Laberiya sun zauna a sansanin Oru na jihar Ogun tun 1990. Daga 2017 dubun-dubatar 'yan Kamaru suka tsallako saboda rikicin yankin masu magana da Ingilishi, aka sauke su a Adagom kusa da Ogoja, da Ikyogen a Binuwai, da ƙauyukan Taraba, 'ya'yansu na karatu aji ɗaya da namu.

To amma a watan Janairun 2018, a wani otal a cikin wannan birni, jami'an tsaro suka kama Sisiku Ayuk Tabe, jagoran 'yan awaren yankin, da abokansa. Kafin watan ya ƙare an miƙa mutum 47 ga Kamaru, alhali yawancinsu sun riga sun shigar da takardar neman mafaka. A watan Maris na 2019 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce miƙa su ya saɓa wa doka, ta ba da umarnin a dawo da su. Ba a dawo da su ba. A watan Agusta kotun soja a Yaounde, babban birnin Kamaru, ta yanke wa Ayuk Tabe da wasu tara ɗaurin rai da rai.

Ba aware nake karewa ba. Ƙasar da ta ga yaƙin basasa ta san tsadarsa. Amma idan maƙwabciya na neman wani da laifi, gaban alƙali ake zuwa, a saurari kowa. Ko Najashi, sarkin Habasha, da Ƙuraishawa suka aiko masa da kyaututtuka don ya ba su sahabban da suka yi hijira, sai da ya ji ta bakin baƙinsa, sannan ya ƙi miƙa su.

Abin da ya fi damuna shi ne namu na can waje. 'Yan Borno na sansanin Minawao a Kamaru tun 2013, wasu na Diffa, 'yan Sakkwato da Zamfara na Maraɗi. A farkon 2019, da Boko Haram ta afka wa garin Rann na jihar Borno, Kamaru ta koro dubban mutanenmu da suka tsallaka, aka yi ta Allah wadai. Da wane baki za mu ce wa Yaounde ta mutunta doka, bayan mun yi biris da hukuncin kotunmu?

Ya kamata Ma'aikatar Shari'a ta fito ta faɗa wa 'yan ƙasa inda aka kwana kan wancan hukunci. Sannan duk baƙon da aka tsare a kan iyaka ko a Abuja, a bari hukumar 'yan gudun hijira da lauya su gan shi kafin a saka shi a jirgi.