Tafiyar Mars: Wa Zai Duba Ƙwayoyin Cutar da ke Cikin Kumbo?

Jama'a masu sauraro, akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Duk lokacin da aka ɗauko zancen tura mutum duniyar Mars, sai a cika mana kunne da girman roka da ƙarfin inji. Ƙwayoyin cutar da za su yi tafiyar tare da 'yan sama jannati kuwa, shiru kake ji.

Wai ai ana wanke kumbo fes kafin ya tashi. To, mutumin da ke ciki fa? Fatarsa da hancinsa da hanjinsa cike suke da bakteriya, babu sabulun da zai raba shi da su. Tashar sararin samaniya ta Rasha, wato Mir, ta sha fama da fumfuna a bayan allunan bango. A tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wato ISS, masu binciken NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, sun tsinci bakteriyar Enterobacter bugandensis a makewayi, irin wadda magunguna da dama ba sa yi mata komai. Bakteriyar Salmonella da aka tura a kumbon Atlantis a 2006 ta dawo ta fi saurin kashe ɓerayen gwaji. Ga garkuwar jiki tana rauni a can, ga ruwan sha daga gumi da fitsari ake tace shi.

Shekara da shekaru dabarar ɗaya ce: a shafo bango, a aiko da samfurin nan duniya, a jira sakamako. Hakan ya yiwu ne don ISS tana kusa, kimanin kilomita 400. Mars fa? Zuwa kaɗai wata shida zuwa tara ne, saƙon rediyo ma yana iya ɗaukar har minti 20. Wa zai kawo samfurin? Babu kowa! Gwajin a cikin kumbo za a yi shi.

Kuma an nuna zai yiwu. A 2016 'yar sama jannati Kate Rubins ta karanta DNA, wato bayanan gadon halitta, a sararin samaniya da na'urar MinION, wadda ba ta wuce tafin hannu ba. A 2017 wata 'yar sama jannatin, Peggy Whitson, ta yi amfani da ita wajen gano ƙwayoyin da aka ɗebo a tashar, ba tare da an jira saukowar samfurin ba. Na yarda na'urar tana da gazawa, domin takan karanta DNA ko da ƙwayar ta riga ta mutu. To a gyara mana! A zuba kuɗi a nan kamar yadda ake zubawa a inji, a koya wa kowane matafiyi gwada iska da ruwa da bango da hannunsa, a cikin kumbon, tun kafin a sa ranar tashi.