Jawabin Maraba ga Mai Girma Hakimi a Ziyararsa ta Modena, Mahaifar Luciano Pavarotti

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai Girma Hakimi, uban ƙasa kuma babban baƙonmu, Allah ya ja zamaninka, 'yan majalisarka da suka rufa maka baya, malamanmu da dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa maza da mata.

A madadin al'ummar Hausawa mazauna Modena da garuruwan da ke kewaye da ita, waɗanda suka fito daga Najeriya da Nijar da zangunan Gana, ina yi maka barka da sauka da sannu da hanya. Akasarin waɗanda kake gani a zauren nan ma'aikata ne a masana'antun tayil na Sassuolo da sauran kamfanonin wannan yanki, kuma da yawa daga cikinsu sai da suka nemi a sauya musu lokacin aiki kafin su samu damar zuwa kwasar gaisuwa. Da saƙo ya iso mana cewa kana son a kai ka gidan shahararren mawaƙin nan Luciano Pavarotti da kuma gidan opera na wannan gari, inda ake wasan kwaikwayon da ake rera shi da waƙa, ba mu yi mamaki ba, domin sanin kowa ne fadarka ba ta rabuwa da makaɗa da mabusa da sanƙira, kuma kana cikin masu kunnen da ke bambance muryar da ta sha horo da wadda ƙarfi kawai take da shi. Saboda haka, ranka ya daɗe, ka ba ni izini in gabatar maka da mutumin da za ka shiga gidansa gobe idan Allah ya kai mu.

An haifi Pavarotti a nan Modena ranar 12 ga Oktoba, 1935. Mahaifinsa, Fernando, mai gashin burodi ne, kuma shi ma yana da muryar teno, wato muryar namiji mai hawa sama, sai dai fargabar tsayawa gaban jama'a ta hana shi mayar da waƙa sana'a. Mahaifiyarsa, Adele, ma'aikaciya ce a kamfanin taba. Yaron ya taso yana jin fayafayen Enrico Caruso da Beniamino Gigli da Tito Schipa a ɗakin mahaifinsa, amma burinsa na farko shi ne ya zama mai tsaron gida a ƙwallon ƙafa. Ya yi karatun koyarwa, har ya koyar a makarantar firamare na shekara biyu. A 1955 ya bi mahaifinsa cikin ƙungiyar mawaƙan garin mai suna Corale Rossini zuwa gasar Llangollen a yankin Wales, suka ciyo matsayi na ɗaya, kuma shi da kansa ya sha faɗin cewa wannan tafiya ce ta tsayar masa da zuciya a kan waƙa.

Abin da na fi son in jawo hankalinka gare shi, ranka ya daɗe, shi ne shekarun da suka biyo baya, domin masu ba da labarinsa sukan tsallake su da sauri. Daga 1954, lokacin da ya fara zama gaban malaminsa Arrigo Pola, wanda ya karɓe shi ba tare da kuɗin koyarwa ba, zuwa 1961 da ya fara hawa dandalin opera, shekara bakwai ke nan yana koyo ba suna ba riba. Da Pola ya tafi Japan, sai ya koma wurin Ettore Campogalliani a Mantova, yana sayar da inshora gida-gida domin ya samu na masarufi. A cikin waɗannan shekaru har wani ƙulli ya fito masa a jijiyoyin murya, ya yi wata waƙa a Ferrara da ta lalace, ya yanke shawarar ajiye sana'ar, sannan Allah ya kawo sauƙi muryar ta dawo masa a saitinta.

Me ake koyo har shekara bakwai? Mawaƙin opera ba ya riƙe makirufo, kuma ba a sa masa lasifika. Yana tsaye a kan dandali, a gabansa akwai makaɗa sittin ko fiye a cikin wani rami, masu goge da masu ƙaho da masu ganga, kuma dole muryarsa ta ratsa ta kansu ta isa kunnen wanda ke zaune a kujerar ƙarshe ta benen sama, a zauren da wani lokaci yake ɗaukar mutum kusan 3,800 kamar Metropolitan na birnin Niyok. Ihu ba ya yin wannan aiki, hasali ma ihu kashe murya yake yi cikin 'yan shekaru. Abin da ke yi shi ne numfashi da ake ajiyewa can ƙasan haƙarƙari a riƙa sakinsa da awo, da maƙogwaro da ake barinsa a sake, da wani siririn amo mai ƙyalli da ake gina wa murya har ta fita daban daga cikin kayan kiɗa. Na taɓa zama a kujerun can sama na gidan opera na garin nan, inda talakawa da tsofaffin masana waƙa ke zama. Daga nan mawaƙin ƙanƙane ne a ido, amma da ya sassauta murya ya ja wani dogon sauti, sai na ji kamar a kafaɗata yake tsaye. Wani tsoho da ke kusa da ni ya lumshe ido, leɓensa na motsi yana bin baitin, bai buɗe ido ba sai da sautin ya ƙare.

Akwai kuma wata mararraba a muryar kowane namiji, inda take barin ƙirji ta koma sama, kuma a nan ne muryar wanda bai ƙware ba take karyewa ko ta shaƙe. Mai muryar teno yakan kwashe shekaru yana goge wannan wuri har mai sauraro ya kasa gane inda aka sauya, kamar ingarman da ya sha horo, wanda zai tashi daga sassarfa ya shiga sukuwa mahayinsa bai ji girgiza ba. Pavarotti ya mallaki wannan mararraba fiye da yawancin sa'o'insa. Ga shi kuma da fitar da harafi: ko wanda bai daɗe da koyon Italiyanci ba yana iya tsintar kalmominsa ɗaya bayan ɗaya, abin da ba kowane babban mawaƙi ne ke iyawa ba idan ya hau sama.

Ranar 29 ga Afrilu, 1961, ya fara fitowa a Reggio Emilia, maƙwabciyarmu, a matsayin Rodolfo cikin La bohème ta Puccini, kuma wannan rawa da ya taka a matsayin Rodolfo ce ta riƙa buɗe masa ƙofofi. Da ita ya maye gurbin mawaƙi Giuseppe Di Stefano a gidan opera na Covent Garden da ke Landan a 1963. Da ita ya shiga La Scala ta Milan a 1965 tare da mawaƙiya Mirella Freni, 'yar garin nan kuma sa'arsa, wadda mahaifiyarta ta yi aiki a kamfanin taba ɗaya da tasa mahaifiyar. Da ita kuma ya shiga Metropolitan a 1968. A 1965 ɗin ne ya yi rangadin Ostareliya tare da Joan Sutherland, kuma bai taɓa ɓoye cewa a wurinta ya kammala koyon sarrafa numfashi ba, domin ya lura tana waƙa dare bayan dare muryarta ba ta gajiya, ya tsaya ya nazarci yadda take yi. Mutumin da ya riga ya fara suna amma ya koma ɗalibi a gaban abokiyar aikinsa, wannan hali ne da ya cancanci a ambata.

A cikin wata opera ta Donizetti, La fille du régiment, akwai wani gajeren baiti da ke buƙatar mawaƙi ya hau wani sauti mai tsananin tsayi da ake kira do na sama har sau tara. A wannan sauti jijiyoyin murya suna kaɗawa fiye da sau 500 a daƙiƙa guda, kuma mawaƙa da yawa ko sau ɗaya ne a dare sukan tunkare shi da fargaba. Pavarotti ya rera baitin a Landan a 1966, sannan ranar 17 ga Fabrairu, 1972, ya rera shi a Metropolitan cikin annashuwa, 'yan kallo suka yi ta tafi suna kiransa ya sake fitowa gaban labule har sau 17. A birnin Balin na Jamus a 1988 irin wannan kira ya kai sau 165.

Duniyar da ba ta san opera ba ta san shi ne a 1990, lokacin da aka yi gasar cin kofin duniya a Italiya, gidan talabijin na BBC ya ɗauki muryarsa a waƙar Nessun dorma ya mayar da ita taken shirinsa. Ranar 7 ga Yuli na shekarar, a jajibirin wasan ƙarshe, ya tsaya a kufan Caracalla na birnin Roma tare da wasu manyan masu muryar teno biyu, Plácido Domingo da José Carreras, wanda bai daɗe da tashi daga jinyar sankarar jini ba, Zubin Mehta yana jagorantar makaɗa. Daga nan sai manyan filaye: Hyde Park na Landan a 1991 cikin ruwan sama, Central Park na Niyok a 1993, ga farin hankicin nan a hannunsa na hagu yana share gumi. A nawa ganin, ranka ya daɗe, wanda yake son ya ji ainihin Pavarotti ya nemi fayafayensa na tsakanin 1965 da 1980, lokacin da muryar take da taushi da sauƙin juyi, ba a filin da aka cika da lasifika ba. Amma ba zan goyi bayan masu raina waɗancan taruka ba, domin ta dalilinsu ne miliyoyin mutane, har da wasunmu a zauren nan, suka fara jin wannan irin waƙa.

Mutanen Modena suna ƙaunarsa, amma ba sa ɓoye rauninsa. Ba gwanin wasan kwaikwayo ba ne a kan dandali, kuma nauyin jiki da ciwon gwiwa sun takura shi a shekarun baya-baya. Ya yi ƙaurin suna wajen soke fitowa, har gidan opera na Chicago ya yanke hulɗa da shi a 1989 bayan ya soke 26 daga cikin wasanni 41 da aka tsara. A 1992 muryarsa ta karye a La Scala cikin Don Carlo ta Verdi, masu zama a benen sama suka yi masa ihu, domin a wannan gida girman suna ba ya kare kowa.

Daga 1992 zuwa 2003 ya riƙa tara mawaƙan duniya a nan Modena domin tara gudummawa, kuma kuɗin sun je ga yaran da yaƙi ya ɗaiɗaita a Bosniya da Laberiya da Angola da Afganistan da Iraƙi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa shi jakadan zaman lafiya a 1998. Wasansa na ƙarshe a dandalin opera shi ne Tosca a Metropolitan, ranar 13 ga Maris, 2004. Ya rasu ranar 6 ga Satumba, 2007, bayan fama da sankara. Dattawanmu da ke nan a lokacin sun ga yadda Piazza Grande ta cika maƙil, mutane suka yi dogon layi har cikin dare, kuma ranar jana'izar jiragen sojin sama suka wuce ta kan babbar majami'ar garin suna fesa hayaƙi kore da fari da ja.

Gobe da hantsi za mu raka ka gidansa da ke bayan gari, wanda aka mayar gidan tarihi a 2015. Za ka ga rigunan da ya sa a dandali, da fiyanonsa, da zane-zanen da ya yi da hannunsa, kuma za ka ji daɗin sanin cewa shi ma masoyin dawaki ne, har gasar tsallen dawaki ya riƙa shiryawa a wannan wuri. Da yamma sai gidan opera, wanda aka buɗe a 1841, yanzu kuma yake ɗauke da sunansa da na Mirella Freni.

Muna da roƙo guda, ranka ya daɗe. Idan ka shiga gidan nan, ka dubi yadda aka adana muryar mutumin tun daga ƙuruciyarta, aka san shekarar kowane faifai da wurin da aka ɗauke shi. A fadarka akwai tsofaffin mawaƙa da masu kirari da muryarsu ke cika filin hawan salla ba tare da lasifika ba, kuma da yawansu ba su da faifai ko ɗaya mai kyau. Muna roƙon ka sa a ɗauki muryoyinsu da na'ura mai inganci, a rubuta sunayensu da na waɗanda suka koya musu, a kuma tambaye su yadda suke horar da yaransu. Al'ummar nan ta amince za ta ɗauki nauyin sayen kayan ɗaukar murya, kuma dattawanmu za su zauna da wakilinka kafin ka tashi domin a tsara yadda za a aika da su.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nasara, ya mayar da kai gida lafiya kai da tawagarka. Yanzu, cikin girmamawa, ina gayyatar Mai Girma Hakimi ya yi mana jawabi.