Ina Katin Wutarmu Yake Tafiya?

Laccar da aka gabatar a taron 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu a Jos, an rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan'uwana, sannunku da fitowa cikin wannan sanyi.

Kowa a nan ya taɓa loda kati, sati bai zagayo ba mita ta fara kuka. Sai maigida ya hau yara da faɗa, wai cajin waya ne ya cinye. Alhaji, a yi wa yaran nan adalci. Yunit ɗaya shi ne wat 1000 na tsawon awa ɗaya, kuma sai ka cika waya kusan sau 40 kafin ka ci yunit guda.

Ɓarawon yana banɗaki. Mu a Jos, daga Disamba zuwa Fabrairu, wa zai iya wanka da ruwan sanyi? Hitar da muke jefawa cikin bokiti tana jan wat 1000 zuwa 1500. Ban hana kowa ruwan zafi ba, ni ma da shi na yi wanka yau. Amma a jona ta, a tafi masallaci, a tsaya gaisuwa, a dawo ruwa ya tafasa har sai an sirka da na sanyi. Wutar da ta kai shi tafasa, asara ce. Dutsen guga ma haka yake, wat 1000 ko fiye. Teloli, ina ganinku can baya: ku tara ɗinki ku goge a zama ɗaya, ya fi a bar dutse a jone tun safe. Duk abin da aikinsa fitar da zafi ne, shi ke lashe kati.

Tun Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kai yunit naira 225 ga 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, wannan ya wuce wasa, ko da an ɗan sassauta daga baya.

Ƙwan fitila ba sai na ja magana ba. Tsohon mai wat 60 da na zamani, LED, mai wat 9 haskensu kusan ɗaya. Firji kuwa, a duba robar ƙofarsa, kada kuma a cusa masa tuwo da zafinsa.

Sai ɗabi'armu ta shago da ofis. An ɗauke wuta ƙarfe huɗu, kowa ya kulle ya tafi, ba wanda ya taɓa makunni. Tsakar dare a kawo wuta, fanka da fitilu da kwamfuta su kwana suna yi wa kujeru aiki. Wanda ke riƙe da makulli, shi za a ɗora wa kashe komai.

Yau in kun koma gida, ku tsaya gaban mita ku kalli jar fitilar nan mai ƙyaftawa, sannan a jona hita ku ga yadda take gudu.

Na ga Hajiya ta ɗaga hannu. Bismillah, Hajiya.