Yadda Ƙwayar Halitta Ke Kulle Ƙwayoyin Gadonta

Assalamu alaikum, jama'a. DNA ɗin da ke cikin ƙwayar halittar hanta shi ne a cikin ta ƙwaƙwalwa. To me ya hana hanta yin aikin ƙwaƙwalwa? Kulle su aka yi, ƙwayoyin gadon da ba ta buƙata (wato sassan DNA masu ɗauke da umarnin aikin jiki), kuma da gangan.

DNA ɗin ƙwayar halitta guda ya kai tsawon mita 2. Don ya samu shiga cikin ƙwayar, sai aka naɗe shi a jikin wasu furotin da ake kira histon, kamar zare a jikin kwarkwaro. Histon takwas ke haɗuwa su ba da dunƙule ɗaya, kowanne da 'yar jelarsa a waje. A jikin jelar nan ake yin aikin.

Tun 1964 Vincent Allfrey, a Rockefeller da ke Amurka, ya nuna ana liƙa wa histon wani ɗan sinadari, asetil. Ku lura da kyau. Histon na da cajin lantarki mai jawo DNA ya riƙe shi gam. In aka liƙa asetil sai cajin ya ragu, naɗin ya sassauta, a samu damar karanta ƙwayar gadon. In wani enzayim (furotin mai gudanar da aikin sinadarai) da ake kira HDAC ya zo ya ɓamɓare asetil ɗin, naɗin ya sake ɗamewa, karatu ya tsaya.

Amma ni wanda ya fi burge ni shi ne metil. A 2000 ne Thomas Jenuwein da abokan aikinsa a Biyana suka gano enzayim ɗin SUV39H1, mai sa metil a gurbi na 9 na jelar wani nau'in histon da ake kira H3. Metil ba ya taɓa caji, alama ce kawai. Wani furotin, HP1, shi ke gane alamar ya zo ya zauna a kai ya kulle wurin, sannan ya janyo SUV39H1 ya sa wa dunƙulen maƙwabta irin ta. Haka kullewar ke yaɗuwa. Kada ku haddace cewa metil na nufin rufewa, ɗalibai kan faɗa wannan ramin: a gurbi na 4 na wannan jelar, alamar buɗewa ce.

A wasu cututtukan daji, ƙwayoyin gadon da ke taka wa ƙari birki ake kullewa. Shi ya sa a 2006 Amurka ta amince da vorinostat, maganin da ke hana HDAC aiki har kullen ya sassauta, don wani nau'in dajin ƙwayoyin garkuwar jiki mai fitowa a fata.